Amsar Wasiƙunku: Wace Irin Safar Hannu Ta Dace Da Mai Babur?

 Wasiƙar wannan mako ta fito ne daga wani bawan Allah a ƙasar Bichi, manomi ne, in kaka ta yi kuma yakan taɓa fataucin wake da gero zuwa kasuwar Dawanau a kan babur ɗinsa. Ya ce da hunturu yakan yi sammako, kafin ya iso yatsunsa sun ƙage, ko kuɗi ba ya iya ƙirgawa sai ya ji ɗumin wuta wajen mai shayi. Safar ulu yake sawa. To, ƙanensa ya faɗi da babur ana gab da shuka, yana sanye da irin wannan safa, tafin hannuwansa biyu suka saɓule, aka yi noman farko aka gama bai iya riƙe fartanya ba, sai 'yan ƙwadago aka ɗauka. Shi ne yake tambaya, in zai sayi ta fata, wace iri zai saya, tunda a kasuwa kowa cewa yake tasa ce mai kyau.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya ƙara wa ƙanen naka sauƙi. Abin da za ka fara riƙewa shi ne, safar sanyi daban, safar faɗuwa daban. Ta faɗuwa tana iya yi maka maganin sanyi, amma ta sanyi ba ta tare kwalta. Saboda haka in ka shiga kasuwa, ranar faɗuwa za ka yi wa sayayya, sanyi kuma a yi masa dabara daga baya.

Dalili kuwa, duk wanda ya faɗi hannu yake fara kaiwa ƙasa, ba da shawararsa ba, haka Allah ya yi ɗan Adam. In babur na gudu, hannun ba dafa ƙasa kawai zai yi ba, jan sa za a yi a kan kwalta ko tsakuwar burji da nauyin mutum gaba ɗaya a kansa. Ulu da yadi nan take suke yagewa. Fata mai kyau ita takan jure gugar, ta cinye a madadin taka.

Sai mu zo kan fatar kanta, don ba duka ce ɗaya ba. Fatar saniya ta fi kauri, tana jure guga, amma tana da tauri da farko, sai an yi kwanaki ana sawa take yin laushi. Fatar akuya ba ta kai ta kauri ba, amma tana da ƙarfi ga laushi, mutum yana jin totur da birki a hannunsa sosai. Ni dai in an tambaye ni, ita na fi so wa mutumin ƙasarmu mai zafi. Ai mu ne ma masu abin. Fatar jar akuyar Sakkwato da ta Maraɗi ta yi suna tun zamanin da ayari ke ƙetare Sahara da ita, har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Wadda za ka guje wa ita ce fatar tunkiya. Tana da daɗin taɓawa, ita ce mai sheƙi da ake yi wa safar ado, amma ba ta da ƙwari, da ta haɗu da tsakuwa sai ta yage kamar takarda.

Akwai kuma wadda ba fata ba ce sam, roba ce aka shafa a kan yadi, ita ce ma ta fi yawa a teburin masu kayan babur. Ka juya bakin safar ka duba cikinta. Bayan fata ta gaske yana da kaushi da ɗan gashi-gashi, na jabu kuwa saƙar yadi za ka gani. Ka sansana, fata tana da warinta na jima, roba kuwa warin leda take yi. Wasu sukan ce a ƙyasta mata ashana, in ta yi ƙaurin gashi fata ce. Gaskiya ne, amma ban ga mai kayan da zai tsaya yana kallo kana ƙona masa haja ba.

In ka tabbatar fata ce, sai ka duba tafin hannun, don nan ne yaƙin yake. A sami fata riɓi biyu a gindin tafin, wato tudun nan da ke kusa da wuyan hannu, har zuwa gefen ƙaramin yatsa. Wasu sukan sa wani ɗan tauri mai santsi a wurin. Kada ka ɗauka ado ne. Amfaninsa shi ne hannu ya zame a kan kwalta maimakon ya cije wuri guda, domin cijewar nan ita ke jawo karayar wani ɗan ƙashi da ke gindin babban yatsa, wanda yake da wuyar warkewa saboda jini ba ya isa gare shi sosai. A bayan hannu kuma, a kan gaɓoɓin yatsu, in an sami tauri ko matashi mai kauri, madalla. Sai dai 'yan samari sukan ruɗu da wannan taurin na baya don yana da kyan gani, su manta tafin yadi ne zalla.

Sa'an nan ɗinki. Sau da yawa fata ba ta huje ba, zare ne ya tsinke safar ta buɗe. Ka ja tsakanin yatsu da ƙarfi, ka ga ko ɗinkin yana baje haƙora. A tafi da gefen hannu a sami layi biyu na ɗinki.

Abu na gaba shi ne wanda na fi so ka riƙe, ko ka manta sauran: maɗaurin wuyan hannu. Safar da ba ta da maɗauri, da hannu ya taɓa ƙasa za ta tuɓe ta tsaya can baya, kai ka ci gaba da tafiya da tsiraicin hannunka. Ka sa ta, ka ɗaure, ka miƙa wa mai kayan ko abokin tafiyarka ya kama kan yatsun ya ja da ƙarfi. In ta fita, ajiye masa abinsa kome arharta. Wannan ne ya sa safar masu walda ba ta dace ba, duk da kaurinta. Baki gare ta kamar buhu, ga shi ba ka jin abin da ka riƙe. Mai yankakkun yatsu kuma, wadda ake yayi, rabin aiki ce, ai yatsun ma naka ne.

Game da awo, ka je kasuwa da babur ɗinka. Ka sa safar ka kama kan babur, ka murɗa totur, ka ja birki da kuloci, ka danna oda. Kada ta tattare a tafi, don tattarar nan ita ke sa kanta da ƙuna a doguwar tafiya. Kan yatsunka su kusa taɓa ƙarshe amma kada su tokare. Sabuwar fata in ta ɗan matse a faɗi ba laifi, za ta saki. Tsawon yatsa kuwa ba ya ƙaruwa, in ya gaza ya gaza ke nan.

Kai da kake doguwar hanya da asuba, mai dogon wuya ta fi maka, wadda ke haurawa ta rufe bakin hannun riga, iska ba ta samun hanyar shiga. Mai zirga-zirga cikin gari ko daga gida zuwa gona, gajeriya ta ishe shi in dai tana da maɗauri. Maganin sanyin naka kuwa, ka sayi wadda ke da ɗan sarari kaɗan, ka sa siririyar safar auduga a ciki. Fata ta tare iska, auduga ta riƙe ɗumi, rana ta yi ka cire ta cikin ka sa a aljihu. Kada ka raina sanyin nan, yatsan da ya ƙage ba ya kai wa birki da wuri. Da bazara kuma akwai mai ƙananan huji don shan iska, amma hujin ya kasance a bayan hannu, ba a tafi ba.

Na san da yawanku wajen 'yan gwanjo za ku nufa, kuma ba laifi, wani lokaci a nan ake tsintar ta ƙwarai. Amma yawancin abin da ke cikin dilar safar ado ce da ta wasan ƙanƙara ta ƙasashen sanyi. Ka leƙa ciki ka nemi ɗan ƙyallen da ke da hoton mutum a kan babur da rubutun EN 13594. Wannan ma'aunin ƙasashen Turai ne na safar masu babur, wanda aka sabunta a 2015. Za ka ga lamba 1 ko 2. A gwajinsu sukan goga tafin safar a kan wani bel mai kaushi da inji ke juyawa, mai lamba 1 sai ta jure sakan 4, mai lamba 2 sakan 8. In ka ga haruffan KP, an gwada taurin bayan yatsun ke nan. Sakan 4 kamar ba kome ba ne, amma ka ƙirga shi a ranka kana jan hannu a kan kwalta. Sai dai ƙyalle ma ana buga na ƙarya, don haka kada ya hana ka yin gwaje-gwajen da na faɗa. Ta gwanjo kuma a lanƙwasa ta a gani, in fatar ta bushe tana tsagewa, ko ga tabon guga a tafi, ta riga ta yi aikinta a hannun wani.

In kuɗi bai kai ba, ka sami safar aiki ta fatar akuya wadda ta kama hannunka daidai, ka kai wa baduku ko mai ɗinkin takalma ya ƙara mata fata a gindin tafi, ya sa mata maɗauri da zare mai ƙarfi. Ba za ta kai ta kamfani ba, amma ta fi ulu nesa. In kuwa ba ka da hular kwano, ita za ka fara saya kafin safa. Wasunku za su tuna a watan Janairu na 2009, da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta fara tilasta sa hular, har aka ga masu kifa ƙwarya a ka. To ƙwarya a ka da ulu a hannu duk tafiyarsu ɗaya.

Saura kulawa. In ruwa ya dake ta, a shanya a inuwa, kada a gasa ta a wuta ko a ɗora a kan salansa, za ta ƙandare ta tsage. Lokaci-lokaci a goge gumi da ɗanyen tsumma, a shafa ɗan man kaɗanya kaɗan, ban da baƙin mai, kuma kada a cika shi a tafi don santsi. A rataye ta inda ɓera da gara ba sa kaiwa. Ku manoma kuma ina roƙonku, kada a yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari da ita. Fata tana shan maganin ta riƙe, kullum ka sa ta ka yi gumi yana komawa jikinka. Feshi safar roba ake sa masa, a wanke a ajiye daban.

Tambayarka ta biyu, game da yawan buhunan da ya kamata a ɗora wa babur, za mu ɗauke ta mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A gai da mutanen Bichi, a kuma duba mana mai jiki.