Hadarin Gadau daga gabas yake zuwa

Da la'asar a watan Agusta, tsakiyar marka, manomin da ke bakin gonar gero a Gadau yana jin iska mai laima tana shafa masa fuska daga kudu maso yamma. Amma idan zai duba ko ruwa na tafe, gabas yake juyawa. Da gabas ta haɗe ta yi baƙi, mata su kwashe shanya, makiyaya su kaɗa shanu gida, ɗaliban jami'ar jihar da ke garin su ƙara sauri.

To me ya sa iska ke zuwa daga nan, hadari daga can?

Amsar tana sama. Iskar da ke kaɗa ganyen dawa ta Tekun Atlantika ce, ita ke ɗauko laima. A samanta, tsayin kilomita 3 zuwa 4, akwai wata mai ƙarfi da ke gudu daga gabas zuwa yamma, kimanin kilomita 40 a awa. Zafin Sahara da sanyin kurmin kudu ne suka haife ta, kuma a tsakiyar damina tana ratsa samaniyar ƙasar Katagum da maƙwabtanta. Ita ke tura hadari. Tana kuma yin lanƙwasa duk kwana 3 zuwa 5, wasu lanƙwasoshin har su ƙetare teku su zama mahaukaciyar guguwa a gaɓar Amurka.

Ido ba ya ganin wannan iska ta sama, sai na'ura. Tsohuwar dabara ita ce a saki balan-balan a bi tafiyarta. Rada kuwa tana harba igiyar rediyo sama, ta saurari amsa kuwwar da ke dawowa daga ɗigon ruwa ko daga inda iska mai ɗumi ta cakuɗe da mai sanyi. Ɗan canjin da aka samu a kuwwar shi ke faɗin gudun iskar da inda ta nufa, hawa-hawa. A 2006 masana daga Faransa da Amurka da ƙasashen Afirka ta Yamma sun kafa irin waɗannan na'urori a Yamai ƙarƙashin wani shirin bincike mai suna AMMA, suka yi ta bin hadarin damina ɗaya bayan ɗaya.

Gadau ma ba baƙon awon yanayi ba ne. A shekarun 1930, wani mai bincike, T.A.M. Nash, ya zauna a tashar binciken ƙudan tsando da take nan a lokacin, yana rubuta zafi da laima don gane abin da ke kashe ƙudan da rani. Sai dai awonsa a ƙasa ya tsaya, cikin inuwar kurmi.

Da kaka ta wuce, al'amarin yakan juye. Iskar arewa maso gabas ta sauko ƙasa ɗauke da ƙurar kwarin Bodele na Chadi, hazo ya rufe hanyar Azare, masu mota su kunna fitila da rana tsaka.