Gas ya yi tsada a birni, gawon ƙauye na biyan bashi

Daga Bichi zuwa Dambatta, daga Dawakin Tofa zuwa Minjibir, da wuya mutum ya ga dajin da ba na kowa ba. Gona ce ke bin gona, kuma kowace bishiya da ke tsaye a ciki, gawo ko ɗorawa, kuka ko tsamiya, tana da mai ita. Don haka maganar makamashin girki a nan ta bambanta da ta wuraren da mace za ta shiga daji ta yo itace kyauta. Uwargida a wannan yanki da kara take hura wuta, da totuwar masara, da rassan da maigida ya sassaro, wani lokacin har da busasshen kashin shanu.

Tsarin ya daɗe yana tafiya daidai. Binciken da Michael Mortimore da abokan aikinsa na Jami'ar Bayero suka wallafa a 1990 kan itacen girki a Kano ya nuna abin da ya ba masana mamaki: bishiyoyin gonakin da ke kewaye da birni ba raguwa suke ba, domin manomi rassa yake sara ya bar gindi. Yawancin itacen da birni ke ƙonawa daga nesa manyan motoci ke kawo shi. Kafin zamanin motocin ma, jakai ne ke shiga birni da itace, su komo da taki a mangala.

Abin da ya sauya yanzu daga birni ya taso. Bayan an cire tallafin kananzir a 2016, risho ya koma ƙarƙashin gado, gidaje da yawa a unguwanni irin su Rimin Kebe, Kurna, Bachirawa da Rijiyar Lemo suka sayi ƙaramar tukunyar gas. A 2020 kilo guda bai wuce wajen naira 400 ba. Sai aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan da ya biyo baya, kilon gas ya haura naira dubu. Mai samun na yau da gobe ba ya iya cika tukunya lokaci guda, amma yana iya sayen ƙullin gawayi a leda kullum safe. Kurfoti da murhun Abacha suka dawo tsakar gida. A lissafin wata gawayin ba lallai ne ya fi araha ba. Sauƙinsa shi ne ana sayensa kaɗan-kaɗan, kuma talaka da kuɗin yini yake rayuwa.

Gaskiya ne mafi yawan gawayin daga kudancin jihar Kano da jihohi maƙwabta yake zuwa. Amma idan buhu ya yi tsada a kasuwa, sai ɗaurin itace ya bi shi, kara ma ya zama haja. Mai ƙosai da mai gurasa da gidan burodi duk suna neman abin ƙonawa, kuma kuɗin motar da ke ɗauko itace daga nesa ya ninka. Na kusa sai ya yi daraja. Manomin da ke neman kuɗin taki ko na magani, idan dillali ya taya masa tsohuwar ɗorawa, ba kullum yake iya cewa a'a ba.

A nan asarar take. Gawo yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya hana gero rana, ƙarƙashinsa kuma ya fi ko'ina yabanya. 'Ya'yansa abincin awaki ne da rani. Ɗorawa ita ke ba da kalwar daddawa, kuka ta ba da miya. Bishiyar da ta shekara hamsin tana ciyar da gida, kuɗinta ba ya kai wata biyu a aljihu. Shi ma karan, aiki uku yake jira: dabba ta ci, a yi danga, a hura wuta. Duk wanda aka ƙone ko aka sayar, bai koma gona a matsayin taki ba, a ƙasar da ake nomawa kowace shekara ba hutu.

Sai hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta kashe mutum kusan miliyan 3.2 a shekarar 2020. Wanda ya ga mace tana tuƙa tuwo a ɗakin girki da damina, jiƙaƙƙen kara na tunnuƙa, goyo na tari a bayanta, ba ya buƙatar a karanta masa adadin.

Gwamnatoci ba su rasa alkawari ba. A 2014 gwamnatin Jonathan ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhun zamani 750,000, shirin ya ƙare cikin cece-kuce. A 2021 Buhari ya ayyana shekaru goma na gas, a 2024 kuma aka amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa. Masu ɗora fata kan bututun Ajaokuta zuwa Kano su sani cewa gas ɗin masana'antu da lantarki zai ɗauko, ba wanda ake ɗurawa a tukunya ba.

A ganina kuskuren shi ne neman magani guda ga gidaje iri biyu. Gidan ƙauye mai mutum ashirin ba zai tuƙa tuwo a kan ƙaramar tukunyar gas ba, ko kyauta aka ba shi; abin da zai karɓa shi ne murhu mai cin itace kaɗan, na laka da magina za su iya yi ko irin Save80 da ake haɗawa a Kano, tare da renon tohon bishiyoyi a gona kamar yadda manoman Maraɗi suka yi tun shekarun 1980. Gas kuwa unguwannin talakawan birni ya kamata a nufa da shi, da tukunya bashi da wurin ɗura na kuɗi kaɗan a kusa. Gwamnatin Kano tana raba dashen itatuwa kowace damina. In tana son su rayu, ta fara da sauƙaƙa wa matar Rimin Kebe kilo ɗaya na gas.