Yadda za ka kulle fayil da kalmar sirri a Tails

Tails tsarin kwamfuta ne da ake tayarwa daga filashi, yana manta komai da zarar ka kashe shi. Amma fayil ɗin da ka kwafa zuwa wani filashin a buɗe yake, duk wanda ya tsinta zai karanta.

Maganinsa Kleopatra, manhajar da ke cikin Tails. Buɗe ta, danna Sign/Encrypt, zaɓi fayil, sannan Encrypt with password. Za ta fitar da sabon fayil mai ƙarewa da .gpg. Shi kaɗai za ka kwafa, domin na asalin bai kullu ba.

Kalmar sirrinka ta ƙunshi kalmomi 5 zuwa 7 marasa alaƙa. In ka manta ta, ba mai buɗe maka.