Bindigar farautar manyan namun daji: gaskiya da shaci-faɗi

Tun da bidiyoyin farautar ɓauna da giwa suka fara yawo a wayoyi, maganar bindiga ta zama abin musu a majalisu. Wannan ya ce sai bindiga mai ƙaton baki ke kada ɓauna. Wancan ya ce ai wani Bature ya kashe giwa fiye da dubu da 'yar ƙaramar bindiga, don haka girma ba ya ƙara komai. Wasu kuma sun haƙiƙance cewa wadda ta fi sauƙin ɗauka ita ce ta fi. Kowace magana da ƙwayar gaskiya a cikinta, sai dai an yi mata ƙari.

Farautar da ake nufi a nan ita ce mai lasisi, irin wadda ake yi a Tanzaniya da Zimbabuwe, da kuma arewacin Kamaru, a dazuzzukan da gwamnati ke bayarwa haya kewaye da gandun dajin Benuwe da Faro da Buba Njida. Cikin gandun kansa ba a farauta.

Labarin Baturen gaskiya ne. Sunansa Walter Bell, ɗan Sikotilan, ana masa laƙabi da Karamojo saboda yankin Karamoja na Yuganda inda ya yi suna a farkon ƙarni na 20. Ya kashe giwa 1,011, kusan 800 daga ciki da bindiga mai harsashin milimita 7, wanda nauyinsa bai wuce giram 11 da 'yan kai ba. Abin da masu ba da labarin ke tsallakewa shi ne yadda ya yi. Bell ya riƙa tsaga kawunan giwayen da ya kashe yana nazarin inda ƙwaƙwalwa take ta kowace kusurwa, yana matsawa dab da dabbar, kuma yana amfani da harsashi mai tauri wanda ke ratsa ƙashi ba tare da ya baje ba. Gwaninta ce ta shekaru, a zamanin da giwaye ke da yawa kuma doka ba ta da ƙarfi. Irin wannan kisa na neman haure yana cikin abin da ya rage giwayen Afirka, ba abin koyi ba ne. Yau ma wanda ya so ya kwaikwaye shi doka za ta tare shi, domin ƙasashe da dama sun ƙayyade mafi ƙanƙantar bindigar da za a fuskanci dabba mai haɗari da ita. A Tanzaniya ma'aunin shi ne .375, wato faɗin harsashi kusan milimita 9.5.

To, tun da haka ne, mai cewa a nemi mafi girma ya yi daidai ke nan? A'a, kuma a ganina wannan ce jita-jitar da ta fi cutarwa. Harsashin .375 da kamfanin Holland & Holland na Landan ya fito da shi a 1912 yana da nauyin giram 19, yana fita da gudun wajen mita 770 a daƙiƙa, kuma sama da shekara ɗari ke nan yana kada ɓauna da giwa. Kafinsa, a 1905, Otto Bock na Balin ya ƙera 9.3x62 domin Jamusawan da ke zaune a ƙasashen da suka mallaka a Afirka, shi ma har yau ana aiki da shi. Akwai waɗanda suka fi su girma, .416 da .458 da .500, amma kowane ƙarin girma kafaɗar maharbi ce ke biyan kuɗinsa. Mutumin da bindiga ta saba dukan kafaɗarsa yakan fara tsoronta ba tare da ya sani ba: ya runtse ido, ya fizgi kunama, harsashi ya sauka a ciki ko a cinya maimakon huhu da zuciya. Ɓaunar da aka raunata takan shige duhuwa ta laɓe, kuma masu bin sawu, waɗanda ke gaba, su ne rayuwarsu ke shiga haɗari. Ga wahalar da aka jefa dabbar a ciki. A yawancin wuraren nan, da zarar an ga jini, mafarauci zai biya kuɗin dabbar ko an same ta ko ba a same ta ba. Manyan bindigogin nan sun fi dacewa da jagoran farauta, wanda aikinsa tsayar da dabbar da ta taso a guje daga 'yan taku kaɗan.

Sai batun nauyi. Ra'ayin cewa bindiga mara nauyi ta fi ya yi ƙarfi ne a wurin masu farauta a duwatsun Amurka, kamar Kolorado da Alaska, inda mutum ke goya tantinsa da abincinsa ya hau tsauni, sannan ya sauko da nama a bayansa. A can maganar tana da hujja, kuma harsasan da suke harbawa ba su kai na ɓauna ƙarfi ba. Kuskuren shi ne ɗauko wannan ra'ayi a ɗora kan babbar bindiga. Lissafin a fili yake: idan harsashi ɗaya ne, aka rage nauyin bindiga daga kilo 4.5 zuwa kilo 3, ƙarfin dukan da take yi wa kafaɗa zai ƙaru da rabi. Bugu da ƙari, bindiga mara nauyi ta fi rawa a hannun mutumin da ya sha tafiya yana haki. Shi ya sa .375 takan kai kilo 4 zuwa 4.5 idan an haɗa da madubin saiti, kuma da gangan maƙera suka bar ta haka.

Amma gaskiya ne nauyi na karya mafarauci. Mai bin sawun wata babbar dabba mai kama da gwanki wadda Fulanin Kamaru ke kira yamusa yakan yini yana tafiya a zafin rani, wanda a watan Maris da Afrilu ke kaiwa digiri 40. Wurin ragewa jaka ce. Wuƙa ɗaya ta isa, ba uku ba. Harsashi ma ba a cika aljihu da shi. Ko a jirgin sama kilo 5 kacal aka yarda fasinja ya ɗauka. Abin da ba a taɓawa shi ne ruwa, duk da cewa kowace lita kilo guda ce, sai takalmin da ƙafa ta riga ta saba da shi.

Akwai kuma masu zaton duk mai kuɗi a Najeriya zai iya sayen irin wannan bindiga ya shiga daji. Ba haka ba ne. Dokar makamai ta 1959 ta wajabta lasisi, har bindigar toka ba ta tsira ba, kuma giwayen Yankari doka ce ke kare su, harbinsu laifi ne.

Wanda ya samu hali da izinin zuwa inda aka halatta, ya zaɓi bindigar da ta cika sharaɗin dokar ƙasar, ya yi ta gwajin harbi da ita a tsaye, bisa sandunan jingina, har sai ya daina runtse ido. Idan bai kai nan ba, don Allah kada ya ɗaga ta a kan dabba.