Injin da ba ya shan mai

Yara, kowa a cikinku ya taɓa kai niƙa. An zuba hatsi ta sama, inji ya yi ƙugi, gari ya fito ta ƙasa. Ko gero aka zuba, ko dawa, ko masara, aikin injin ɗaya ne: niƙa. To, a cikin lissafi ma akwai irin wannan inji. Ba shi da ƙarfe, ba ya shan mai, da alli ake zana shi a allo. Da Faransanci sunansa «opérateur». Mu a aji za mu riƙa ce masa inji kawai.

Ga na farko: +3. In an zuba masa 4, sai 7 ta fito. In an zuba 10, sai 13 ta fito. Ku lura da kyau. 3 lamba ce, kamar goro uku a tafin hannu. Amma +3 ba lamba ba ce, umurni ne: «ƙara uku». Ba ya nuna yawan kome sai an ba shi abin da zai yi wa aiki. A nan ne ƴan makaranta da yawa suke ruɗewa.

Uwayenku suna da wani inji a ka, ko da ba su shiga aji ba. A jikin kuɗin sefa tamma ake rubutawa, amma a kasuwa da dala ake ciniki. Dala ɗaya tamma 5 ce. In mai tumatir ta ce dala 20, sai a miƙa mata kuɗin da aka rubuta 100 a jikinsa. Injin ×5 ke nan. In kuma ta ga 500, nan take ta san dala 100 ce: ta raba da 5. Injin rabawa da 5 yana warware abin da injin ×5 ya yi, kamar yadda −3 yake warware aikin +3. Kowane ɗaya hanyar komawa ce ga ɗan uwansa.

Ba kowane inji ke da hanyar komawa ba. Ku gwada ×0. A zuba 6, sifili ya fito. A zuba 90, sifili ya fito. In na ce muku sifili ya fito, wa zai iya faɗin abin da aka zuba? Ba kowa. Shi ma gari ba ya komawa tsaba.

Yanzu mu jera inji biyu, abin da ya fito daga na farko ya shiga na biyu. In +3 ne da +5, ba gardama: ko wanne ya fara, 8 aka ƙara. Amma a ce kana da dala 4, kawunka ya yi maka alkawari biyu: zai ninka kuɗinka sau biyu, zai kuma ƙara maka dala 3. Wanne kake so ya fara? In ya fara da ninkawa, 4 ta zama 8, 8 ta zama 11. In ya fara da ƙari, 4 ta zama 7, 7 ta zama 14. Alkawarin bai sake ba, amma wanda bai yi tunani ba ya yi hasarar dala 3. Duk lokacin da na yi wannan tambaya a aji, mafi yawa sai su ce: «Malam, ai duk ɗaya ne!» Ba ɗaya ba ne.

Ba lambobi kaɗai ake zuba wa inji ba. Ku fita fili, mutum biyu su tsaya wuri ɗaya suna duban gabas. Umurni biyu ne: «taku 3 gaba» da «juya dama». Na farko ya yi taku sannan ya juya: yana gabas da wurin da ya baro. Na biyu ya juya sannan ya yi taku: yana kudu. Su biyun kudu suke duba, amma ba wuri ɗaya suke tsaye ba.

Wannan wasan ya kai mu ga ilimin fizik, wanda yake binciken motsi da haske da zafi. Kowane abu, dutse ko ruwa ko iska, an gina shi da ƙwayoyin zarra, waɗanda ido ba ya gani. A cikin ƙwayar zarra akwai wani abu da ya fi ta ƙanƙanta, sunansa elektaron. A shekarar 1925 wani saurayi Bajamushe mai shekara 23, Werner Heisenberg, yana neman lissafin da zai bayyana halin elektaron. Sai ya ga abin da ya dame shi: a lissafinsa, in ya sake jerin abubuwa biyu da yake ninkawa, amsa ta sake. Malaminsa Max Born ya duba, ya gane cewa ba kure ba ne. Masu lissafi sun daɗe da sanin irin wannan ninkawa.

Tun daga nan masana fizik suke rubuta wurin da elektaron yake da inji ɗaya, ƙarfin tafiyarsa da wani inji. Injunan nan biyu kamar «taku» da «juya» suke: wanda ya fara yana sake amsa. A 1927 Heisenberg ya nuna abin da wannan ke nufi: ba a iya sanin wurin elektaron da ƙarfin tafiyarsa, su biyun daidai, a lokaci guda. Bambancin ɗan mitsitsi ne ƙwarai, shi ya sa ba mu ganinsa ga ƙwallo ko akuya. Da wannan ilimin aka gane yadda lantarki yake bi cikin wasu ma'adinai, har aka ƙera taransisto a Amurka a 1947. Irinsa ne a cikin rediyo da wayar salula.

Aiki

Ku zana inji −2 da inji ×3 a jere. Ku zuba 5. Ku sake jerin, ku kuma zuba 5. Nawa ne bambancin?

Wata lamba ta shiga ×2, sannan +3, sai 21 ta fito. Ku bi hanyar komawa, ku gano ta.