Malam-buɗe-littafi na kaka: a san na bari, a san na tsoro

  

Ruwa ya ɗauke. Ana yankan hatsi, masu garka kuma sun fara shirin irin albasa. Daga watan Satumba zuwa Nuwamba, malam-buɗe-littafi yana yawa cikin gonaki da fadamar Maggiya. Wani manomi in ya gan su da yawa sai gabansa ya faɗi, ya ruga kasuwa sayen maganin feshi. Sau da yawa asarar kuɗi ce. Rashin sani ya fi dare duhu. Yau za mu koyi rarrabe su.

Daga ina yake fitowa?

Rayuwarsa hawa 4 ce. Macen tana yin ƙwai bisa ganye. Ƙwan ya fashe, tsutsa ta fito. Tsutsar ta ci ta ƙoshi, sa'an nan ta ƙulle kanta cikin ɗan kwaso, ta kwanta ba motsi. Daga cikin kwason ne mai fiffike yake fitowa. Mai fiffike ba ya cin ganye, ruwan fure yake sha. Tsutsar ce mai ci. Kuma kowane iri da tsiron da tsutsarsa take so. In kun san tsiron, kun san ƙwaron.

Na rana da na dare

Malam-buɗe-littafi da rana yake yawo. In ya sauka sai ya haɗa fiffikensa sama, ya buɗe ya rufe, kamar mai duba littafi. Ƴan zare biyu na kansa suna da ƙulli a ƙarshe.

Ɗan'uwansa faɗa-wuta da dare yake fita, shi ne mai kewaya fitila. In ya sauka sai ya shimfiɗa fiffike bisa bayansa. Zaren kansa ba ƙulli. Ku riƙe wannan da kyau: mafi yawan masu ɓarnar gona na dare ne.

Iri 5 da za ku gani da rana

1. Na tumfafiya. Launinsa ruwan goro ne, bakin fiffiken baƙi da ɗigon fari. Yana tashi a hankali, ba ya gaggawa. Tsutsarsa tumfafiya take ci, dafin tumfafiya ya zauna jikinsa, don haka tsuntsaye ba su son shi. Ba ruwansa da hatsi.

2. Na tafasa. Namijin fari ne mai ɗan tsanwa. Macen sau da yawa ruwan ɗorawa ce. Yana da sauri. Ana ganin su gungu bisa danshin bakin tabki suna shan ruwa. Tsutsarsa tafasa da danginta take ci.

3. Na anza. Fari ne mai zanen baƙi a gefen fiffike. Tsutsarsa ganyen anza da jiga take ci. Wani lokaci sukan tashi da yawan gaske, duk su nufi waje ɗaya. Wucewa suke yi, kada ku damu.

4. Baƙo daga Turai. Shi ma ruwan goro ne, amma bai kai na tumfafiya girma ba, yana da dabbare-dabbaren baƙi, kuma yana da sauri ƙwarai. In sanyi ya gabato a Turai sai ya ƙetare teku da hamadar Sahara, ya iso ƙasashenmu na Sahel ƙarshen damana. A shekarar 2016 masu bincike suka tabbatar da wannan tafiya, wadda takan kai kilomita 4,000. Ɗan ƙwaron da bai kai tafin hannu ba! Ikon Allah ke nan.

5. Na lemo. Babba ne, baƙi mai ɗigon ruwan ɗorawa. Wannan kam masu garka su lura da shi. Tsutsarsa tana cinye ganyen ƙananan itatuwan lemo. In tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take, in ta girma ta zama tsanwa. Ku tsince ta da hannu da safe, ba sai da magani ba.

Wanda ba ku gani da rana

Kun san murzuna, tsutsar da take murza zangarniyar hatsi, ta bar mata zane kewaye. Uwarta faɗa-wuta ce. Da dare take yin ƙwai bisa zangarniya, lokacin da hatsi ya fitar da kai. Ɓarnarta ta yi ƙarfi a Sahel bayan farin shekarun 1972 zuwa 1974. Da kaka tsutsar tana sauka, ta shige cikin ƙasa, ta kwana can duk rani. In ruwa ya sake sauka sai uwar ta fito. To, feshin da aka yi wa malam-buɗe-littafi a watan Oktoba bai taɓa ta ba.

Murzuna tana da abokin gaba, wani ɗan ƙwaro dangin zanzaro, ƙarami ƙwarai. Yana harbin tsutsar ta sandare, ya yi ƙwai jikinta. Tun shekarar 2006 ma'aikatan binciken noma na INRAN a Maraɗi suka shiga rarraba shi ga ƙauyuka cikin ƴan buhuna. Amma maganin feshi ba ya tambaya. Yana kashe wannan mataimaki, yana kashe ƙudan zuma. Kuɗi sun tafi, abokai sun mutu, maɓarnaci kuwa yana ƙasa yana barci.

Aikinku na wannan mako

Ku ɗauki littafi da alƙalami ku fita da hantsi, lokacin da rana ta fara zafi. Ku matsa a hankali, kada inuwarku ta faɗa masa. Ba sai kun kama shi ba. Ku rubuta abu 4: kwanan wata, da wurin, da launinsa, da tsiron da ya sauka a kai. Misali: "12 ga Oktoba, bayan gari, fari mai zanen baƙi, bisa anza."

Da dare ku dubi masu zuwa wurin fitila. Ku kuma rubuta gonar da murzuna ta fi ɓatawa bana. Ku kai wa malamin gona wannan rubutu tun da rani, ku tambaye shi maganar buhunan nan kafin hatsin baɗi ya yi kai. In kun ga tsutsar da ba ku sani ba cikin tumatir ko kabeji, ku sa ta cikin kwalba ku nuna masa kafin ku sayi kowane magani.

Ku tattauna cikin aji: Yaya ake rarrabe na rana da na dare? Wanne ne cikin 5 ɗin nan yake cin lemo? Ina murzuna take kwana da rani?

Allah ya sa albarka cikin abin da muka noma. Sai mako mai zuwa.