Harshen Motar Zamani: Gano Larurar Kuloci da Totur

Gabatarwa

Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana abin da ya kamata a yi idan fitilar gargaɗi ta inji ta kama, mota ta ƙi jan wuta, aka kuma ɗora laifin a kan kuloci ko totur. Batun ya shafi duk ma'aikacin da ya tara albashi ya sayi mota, domin a irin wannan gyara ne kuɗi kan salwanta a gareji.

Yadda Abin Yake Aiki

A motocin da, wata igiyar ƙarfe ce ke haɗa totur da inji. A yawancin na yanzu kuwa babu ita. Idan direba ya taka totur, wasu ma'aunai guda 2 ne ke aika saƙon lantarki zuwa ga kwamfutar motar, ita kuma ta sa wani ɗan inji ya buɗe ƙofar da iska ke bi ta shiga. A bakin ƙofar ma akwai wasu ma'aunan guda 2. Hikimar yin su biyu-biyu ita ce kowanne ya zama shaidar ɗan'uwansa. In bakinsu ya saɓa, sai kwamfuta ta rage ƙarfin inji da gangan, don kada mota ta ƙwace wa direba.

Shi ma kuloci yana da makunni a jikin abin takawarsa. Shi ke sanar da kwamfuta cewa za a canja giya, don ta daidaita gudun inji. In ya lalace, mota kan yi fizga wajen canjin giya, wata ma ta ƙi tashi sam.

Karanta Lambar

Tun daga shekarar 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tsarin nan na OBD-II, ƙasashen Tarayyar Turai kuma suka bi sahu a 2001 ga motocin fetur. Saboda haka galibin motocin da ake shigowa da su daga can suna da soket mai ƙafa 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike. Harafin P yana nufin ɓangaren inji da giya. Alal misali, P0704 ta shafi layin makunnin kuloci, P2135 kuwa saɓani ne tsakanin ma'aunan totur.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Lambar tana nuna layin da ya yi ƙorafi ne kawai, ba ta ce ga abin da ya mutu ba. Wanda ya ruga sayen sabon kaya daga ganin lamba, ba wuya ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Matakan Gyara

Da farko, a rubuta lambobin kafin a goge su. Na biyu, a gwada batir: lafiyayye kan nuna kimanin bolt 12.6 in inji na kashe, raunanne kuwa kan haddasa lambobin ƙarya. Na uku, a duba soket da wayoyi, ko akwai tsatsa, ko sakwarkwacewa, ko cin ɓera. Ma'aunan totur da bolt 5 suke aiki, kuma waya ɗaya da ta gurje tana iya tayar da lambobi da dama. Na huɗu, a taka kuloci ana kallon na'ura, a ga ko saƙon yana sauyawa. Na biyar, a wanke ƙofar iskar, domin ƙurar hunturu da baƙin hayaƙi kan daskare a bakinta. Wasu motocin kuma sai an sake koya wa kwamfuta matsayin ƙofar bayan wankin. Sai duk an bi waɗannan sannan a yi maganar canja kaya.

Kammalawa

A taƙaice dai, mai mota yana da haƙƙin ya tambayi bakanike abu biyu: wace lamba ce ta fito, kuma wane gwaji aka yi kafin a yanke hukunci? Goge lamba ba gyara ba ne, domin muddin cutar tana nan, fitilar za ta sake kamawa, wataƙila a lokacin da direba ke ƙoƙarin wuce babbar mota a kan titi.